Gurara na jiran iyalin ma'aikacin da ba ya zama

Hadimin da ke bin minista taro ya san otal-otal ɗin Legas da Fatakwal kamar yunwar cikinsa, amma 'ya'yansa ba su taɓa ganin magangarar ruwa ta Gurara ba. Alhali tana nan Jihar Neja, a hanyar Suleja zuwa Minna: a fita da safe, a dawo kafin magariba.

Da damina ruwan kan zubo da ƙarfi daga tsayin kusan mita 30, sai kallo daga nesa. Daga Janairu zuwa Maris yakan lafa, iyali su matsa kusa. Wanda lokaci ya ƙure wa, ga lambun Millennium a Maitama.

Wata tafiyar aiki na nan tafe. Asabar ɗin yara kuwa, sai uba ya ware ta da kansa.