Tace ruwan teku ko tatsar ruwa daga iska: Wanne zai yi wa Kankiya da Kusada amfani?

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin saukar damina, rijiyoyi da dama a yankin Kankiya da Kusada kan ja baya. A ƙauyuka irin su Bauranya, layin jarkoki a bakin burtsatse ya kan yi tsawo, a cikin gari kuma kasuwar 'yan ga-ruwa ta buɗe. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa: yawancin tsakiyar Jihar Katsina a kan fa take zaune, ruwan da ake samu kuwa sai wanda ya maƙale a tsagar dutse. Shi ya sa burtsatse ɗaya kan ba da ruwa, a haƙa wata kusa da ita a tashi a tutar babu.

A irin wannan lokaci ne bidiyoyi kan yawaita a Facebook da TikTok na na'urar da ke fitar da ruwan sha daga iska, ko na masana'antun ƙasashen Larabawa da ke mayar da ruwan teku abin sha. Dukkansu gaskiya ne, suna aiki. Tambayar ita ce ko za su yi aiki a nan.

Duk wanda ya yi aikin Hajji ya riga ya yi amfani da ruwan teku. Mafi yawan ruwan famfon Makka daga tashar Shu'aiba yake zuwa, a gaɓar Bahar Maliya. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ana danna ruwan da ƙarfi ta cikin wani rariya mai ƙananan kafofi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Tashoshin zamani kan ci lantarki kilowat-awa 3 zuwa 4 kafin su samar da lita 1,000. Kusan rabin ruwan da aka ɗebo ne kawai ke zama na sha, sauran ya koma teku da gishiri ninki biyu, abin da masunta ke kokawa a kai.

Ba a nesa kaɗai ake yin wannan ba. Ghana ta buɗe tasha a Teshie, kusa da Accra, a 2015, mai iya tace lita miliyan 60 a rana. Zuwa farkon 2018 sai da aka rufe ta na wani lokaci, saboda kuɗin da kamfanin ruwan ƙasar ke sayen ruwan da kuma biyan lantarki ya zarce abin da yake karɓa daga jama'a. Wannan fa tasha ce da ke bakin teku, masu shan ruwan na kewaye da ita.

Mu kuwa tsakaninmu da tekun Legas ya haura kilomita 1,000 ta hanyar mota, kuma Katsina ta fi teku tudu da kusan mita 500. Saudiyya na tura ruwa daga Jubail zuwa Riyad, tafiyar sama da kilomita 400, amma da arzikin mai da lantarkin da ba ya yankewa. A ƙasar da bututun mai daga kudu zuwa matatar Kaduna ma ya sha fasawa, ba sai an tsawaita bayani ba.

Batun iska ya fi jan hankali, don iska ba sai an jawo ta da bututu ba. Na'urorin da ake tallatawa kamar na'urar sanyaya ɗaki suke aiki: su ja iska, su sanyaya ta, danshin ciki ya zama raɓa, a tace a sha. Irin zufar da ke tsatsafowa a jikin robar ruwa mai sanyi ke nan. Matsalar ita ce yawan danshin. Iska mai zafin digiri 30 ba ta iya riƙe fiye da kimanin giram 30 na ruwa a kowace kubik mita. A lokacin hunturu da farkon bazara, danshin iskar Katsina kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wato giram 6 ko ƙasa da haka. Yawancin waɗannan na'urori kuwa suna raguwa sosai idan danshi ya gaza kashi 30 zuwa 40. A taƙaice, watannin da rijiya ke ƙafewa su ne watannin da na'urar ke yin shiru. A watan Agusta ne za ta cika maka tulu, lokacin da indararo ke zuba kyauta.

Ga kuma cin wuta. Ko a wuri mai danshi, irin wannan na'ura kan ci kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kilowat-awa a kan lita ɗaya tak, wato kusan ninki 100 na abin da tace ruwan teku ke ci. Gida mai mutum 10, a ce kowa lita 20 a rana, zai buƙaci wajen kilowat-awa 80 kullum. Wane gida ne a Kusada ke ganin wutar da ta kai haka?

A dutsen Boutmezguida da ke kudancin Maroko, ƙungiyar Dar Si Hmad ta kafa ragogi masu kama ruwa daga gajimaren da ke tasowa daga teku, ana kai shi ƙauyuka ta bututu ba tare da injin sanyaya komai ba. Sai dai kada kalmar hazo ta ruɗe mu. Nasu hazon ruwa ne, namu na hunturu ƙurar Sahara ce.

Inda ake sa rai shi ne binciken Farfesa Omar Yaghi, wanda aka haifa a birnin Amman na Jodan cikin iyalin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, kuma yana cikin mutum uku da suka lashe kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Ya ƙirƙiri wani gari mai ɗimbin ƙananan ramuka, wanda ke tsotse danshi da dare ko da iska ta bushe, da rana kuma zafi ya sa ya saki ruwan. A gwajin da ɗalibansa suka yi a hamadar Death Valley ta Amurka a 2022, kilo ɗaya na garin ya ba da ruwa kimanin giram 200 a rana, kusan kofi ɗaya. Nasara ce babba a kimiyya, kuma wata rana tana iya amfanar ƙaramin asibitin karkara ko sansanin 'yan gudun hijira. Amma kofi ba ya ɗaukar gari.

Abin da ke kusa da mu ya fi duk waɗannan girma. Madatsar Zobe a Dutsin-ma tun 1983 aka kammala ta, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwanta, mai tace lita miliyan 50 a rana, bututunsa kuma ta Kankiya da Charanci aka tsara ya bi zuwa birnin Katsina. Shekara 38 ke nan ruwa na kwance, ba gishiri a cikinsa. Abin da ya hana shi isa gidaje kuɗi ne, da bututu, da lantarkin tura shi, kuma duk wata sabuwar fasaha sai ta ci karo da waɗannan ukun.

Ƙauyen da bututun bai biyo ta kansa ba ma yana da lissafinsa. Ruwan damina kansa daga Tekun Atilantika iska ke ɗauko shi, rana ta riga ta cire gishirin. Idan aka samu milimita 600 a shekara, rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 na karɓar lita 60,000, wato jarka 2,400 mai cin lita 25. Makarantar firamare mai azuzuwa shida ta fi haka rufi nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne indararo mai kyau, tanki mai murfi, da barin ruwan farko ya wanke ƙurar kwano kafin a fara tarawa.