Raƙumin Dawa: Dabbar da Aka Raɗa wa Sunan Aro

Duk wanda ya dubi sunan raƙumin dawa zai zaci ɗan'uwan raƙumi ne da ya ɓace cikin jeji. Amma a wajen masana kimiyyar halittu, ya fi kusanci da barewa da saniya. Doguwar wuya da irin takunsa ne suka ruɗi idon mutane, domin shi ma yakan ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare in yana tafiya, kamar yadda raƙumi ke yi.

Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan zato ba. Girkawan dā sun kira shi “kamelopardalis”, wato raƙumi-damisa, saboda zanen fatarsa. Wannan suna ya bi shi har Rum lokacin da Julius Kaisar ya kai shi can a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yau yana cikin sunansa na kimiyya, Giraffa camelopardalis. Kashin farko na sunan kuwa daga Larabci ya fito, wato “zarafa”. A shekarar 1414 da aka kai wa Sarkin Sin guda ɗaya, fadawa suka ɗauke shi a matsayin “ƙilin”, wata dabbar almara mai nuna adalcin sarki. Shi ya sa Japanawa ke ce masa “kirin”.

Haka kuma a 1827 wata macen raƙumin dawa da aka kamo a Sudan ta isa birnin Paris, kyauta daga Muhammadu Ali Pasha na Masar zuwa ga Sarkin Faransa. Daga Marseille a ƙafa aka koro ta, tafiyar fiye da kilomita 800, jama'a na ta tururuwar kallo.

Wani abin mamaki shi ne, duk tsawon wuyan nan ƙasusuwa bakwai ne a cikinsa, daidai da na ɗan Adam. Kowane ɗaya ne ya yi tsawo. Domin jini ya kai kwanya, ƙarfin bugunsa ya kusan ninka na mutum biyu.

Irin na Afirka ta Yamma ana kiransa “peralta”, ma'ana mai tsananin tsawo. Oldfield Thomas ne ya ba shi sunan a 1898, bisa wanda aka harbe a yankin Lokoja. A dā ya bazu daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, amma farauta da fari da saran daji suka kusan ƙarar da shi. A 1996 guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, gabas da Yamai. Da hukuma da manoman yankin suka tashi tsaye wajen kare su, adadin ya haura 600, har aka mai da takwas gandun dajin Gadabeji a 2018.

Garken na Kure ba a cikin shinge yake ba. Tsakanin gonaki yake kiwo, yana cin ganyen gawo da ƙayoyi, don haka ɗorewarsa ta rataya ne a kan barin waɗannan itatuwa tsaye.