AMSOSHIN WASIƘUNKU: Gurza Daɓen Siminti da Inji, Gyara Ne Ko Ɓarna?

A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu ne da suka zo da magana ɗaya. Ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi a Babura, wanda ya ce daɓen siton sa ya yi kaushi har yana yaga masa buhuna in an ja su. Ta biyu kuma daga wani manomin riɗi ne a ƙasar Gwiwa, ya ce dandamalin simintin da yake shanya a kai yana zubar da yashi, masu saye kuma suna rage masa kuɗi saboda datti. Dukansu sun ji labarin injin da ake gurza siminti da shi, suna tambaya ko zai yi musu magani.

To malamai, amsar a taƙaice ita ce: injin yana gyara daɓe mai ƙarfi wanda fuskarsa ce kawai ta lalace, amma ba ya gyara daɓen da aka yi wa rowar siminti tun farko. Sa'an nan ƙurar da yake tayarwa ta fi komai haɗari a cikin aikin.

Injin iri biyu ne. Akwai ƙarami na hannu, irin wanda kuke gani wajen masu walda a Kazaure da sauran garuruwa. Akwai kuma babba da ake turawa a tsaye, wanda masu aikin tarazo ke wanke daɓen masallatai da makarantu da shi. Ƙaramin, mai faifan inci huɗu da rabi, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Faifan da ya dace da kankare shi ne mai siffar ƙoƙo, wanda aka dasa wa ɓarɓashin daimon a bakinsa. Siririn faifan yankan ƙarfe kuwa, kada ka kuskura ka kwantar da shi kana gurza, domin yana iya tarwatsewa ya ji maka mummunan rauni.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada daɓenka tukuna. Sami ƙusa ka karce shi da ƙarfi. In farin layi kawai ta bari, daɓen na da ƙwari, gurza za ta amfane shi. In kuwa ƙusar ta shige, yashi na biyo ta, to simintin ya yi kaɗan, ko ruwan kwaɓin ya yi yawa, ko kuma ba a shayar da shi ba bayan an zuba. Irin wannan ko ka gurza, wani yashin za ka tarar a ƙasa. Sai kuma ka bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Duk inda ya yi ƙara kamar ganga, saman ya rabu da ƙasan ke nan, sai dai a fasa a sake.

Saboda haka, mai tambayarmu na Gwiwa, alama ta nuna naka sabon daɓe yake so. Ka sa birkila ya yi kwaɓin da aka saba: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai tsafta, huɗu na tsakuwa. Ka shayar da shi safe da yamma har kwana bakwai aƙalla, ka rufe shi da tsofaffin buhuna masu laima, musamman lokacin hunturu da bazara da iska da rana ke busar da shi kafin ya kama. Kankare yakan kai kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi, don haka kada a ɗora masa inji kafin nan. A kuma ɗan karkata dandamalin gefe ɗaya don ruwan sama ya wuce.

Kai kuma na Babura, in naka ya ci jarrabawar ƙusa, ga yadda za ka yi. Kwashe hatsi duka daga ɗakin, kada ka bar ko buhu ɗaya, domin ƙurar siminti ba ta haɗa hanya da abinci. Share daɓen, ka cire duk wata ƙusa ko ƙarfen da ya leƙo. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasa don ka gane tudu da kwari, ka zana tudun da gawayi. Tudun ake gurzawa. Kwarin da tsaga kuwa cike su ake yi da sabon kwaɓi, a jira su bushe, don inji ɗan sama-sama kawai yake ci. Riƙe shi da hannu biyu, faifan a kwance, kana zagayawa da shi a hankali. Kada ka danna, kada kuma ka tsaya wuri ɗaya, in ba haka ba ya haƙa maka rami. Kada a cire murfin ƙarfen da ke kare faifan. In za ka canja faifai, zare waya daga wuta tukuna. Ka kuma tabbata janaretanka ya fi ƙarfin injin, don ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba ya ɗaukar yawancinsu.

Yanzu sai babbar maganar. Yashi da tsakuwa suna ɗauke da wani sinadari da ake kira silika, irin wanda ke cikin fararen duwatsun nan na wajen Kazaure da Roni. In inji ya niƙe shi, yakan zama ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani, ta shige can cikin huhu ta zauna. A hankali huhun ya yi tabo ya sandare, mutum ya riƙa haki ko da ɗan tafiya kaɗan ya yi. Likitoci na kiran cutar silikosis, kuma har yau ba ta da maganin warkewa. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Amurka, a jihar West Virginia, an fara haƙa wani rami cikin dutse a 1930, ana huda dutsen a bushe ba ruwa, ma'aikata ɗaruruwa suka mutu da wannan cuta cikin 'yan shekaru. A 1997 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Maganin ƙura ruwa ne. Shi ya sa masu tarazo ke aiki cikin ruwa, babban injinsu kuma don haka aka ƙera shi. In ɗakin na da faɗi, hayar su ta fi maka sauƙi da lafiya. Amma fa ƙaramin injin hannu ba a yi shi don ruwa ba, wuta na iya jan mutum. In shi ya zama dole, yayyafi kaɗan za a riƙa yi wa daɓen ya yi laima, ban da kwanciyar ruwa, a rataye wayar sama, mai aikin ya sa takalmin roba. A buɗe ƙofa da tagogi. A sa takunkumi na ainihi mai lamba N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska sosai. Rawani ko hankici ba sa tare wannan ƙura, ko da an ninka su. A sa tabarau na kariya, a toshe kunne. Ban da babbar riga ko jelar rawani mai lilo, don faifan na iya naɗe su cikin ƙiftawar ido. Yara da dabbobi kuma a kore su nesa.

Bayan an gama, kada a share da tsintsiya a bushe. A jiƙa, a kwashe caɓin da shebur, a binne shi nesa da rijiya da wurin shan dabbobi, domin yana da kaifi, har fata yana ci. A wanke daɓen, a bar shi ya bushe sarai kafin hatsi ya koma, a kuma jera buhunan a kan katako kamar yadda aka saba. Abu na ƙarshe, kada a gurza har ya yi santsi kamar madubi. Wurin shanya da wurin da ake ɗaukar kaya a ka, ɗan kaushi kaɗan shi ke hana zamewa.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Duk wanda ya daɗe yana aikin dutse ko siminti, yana kuma fama da tari ko haki, ya je asibiti a duba ƙirjinsa, ya gaya wa likita irin sana'arsa. Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a nema.