Rigimar Sunayen Matattu a Dublin

Manyan tashoshin jirgin ƙasa uku na birnin Dublin sunayen mutanen da Birtaniya ta harbe suke ɗauke da su: Connolly, Pearse da Heuston. A 1966 aka raɗa musu, lokacin cikar shekara 50 da boren Ista.

Ranar Litinin 24 ga Afrilu 1916 'yan kishin ƙasa suka mamaye babban gidan waya na birnin, Patrick Pearse ya fito ƙofa ya karanta sanarwar kafa Jamhuriyar Ayalan. Kwana shida aka yi ana ba-ta-kashi, sojan Birtaniya ya ragargaza tsakiyar gari da igwa. Mutum kusan 485 suka mutu, fiye da rabi fararen hula. Da aka tasa ƙeyar 'yan boren, zagi da ihu wasu mutanen gari suka bi su da shi. Abin da ya juya zukata shi ne harbe mutum 14 daga cikin 'yan boren a kurkukun Kilmainham cikin watan Mayu. James Connolly ko tsayuwa ba ya iya yi saboda raunin harsashi a ƙafa, sai aka ɗaure shi a kujera aka bindige. Roger Casement kuwa, wanda ya taɓa yi wa Turawan mulkin mallaka aiki a Kalaba, a Landan aka rataye shi saboda hannunsa a boren.

Tuna waɗannan mutane bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Da rikicin Arewacin Ayalan ya ɓarke, gwamnati ta dakatar da faretin soja na Ista a farkon shekarun 1970, don kada a ce tana yi wa masu ɗaukar bindiga kirari. Sai a 2006 aka dawo da shi. A 2011 Sarauniya Elizabeth ta ajiye furanni a Lambun Tunawa, ta sunkuyar da kai ga waɗanda suka yaƙi masarautar kakanta.

Inda abin ya fi ɗaure mini kai shi ne maƙabartar Glasnevin. A 2016 aka kafa bangon baƙin dutse aka zana sunayen duk waɗanda suka mutu a boren: ɗan bore, ɗan sanda, sojan Birtaniya, yaron da harsashi ya tsinta a titi, kowa a jere ba fifiko. Wasu iyalan 'yan boren suka ce ba za ta saɓu ba, a haɗa kakanninsu da waɗanda suka kashe su. Na fahimci zafinsu, amma ina ganin fararen hular nan ne aka fi cuta, domin su aka daɗe ba a ambata, kuma wannan bango ne ya fito da su fili. Aka watsa masa fenti, daga baya aka zo da guduma aka farfasa sunayen sojoji. A 2022 hukumar maƙabartar ta gaji da gyara, ta yanke shawarar cire sunayen gaba ɗaya, har da na yaran.