Baƙin Ƙarfe Dillalin Iska

In ka hura wuta, hayaƙi ya kan tashi. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska wadda ido ba ya gani. Masana suna kiranta kabon dayoksaid. Ita ce mu ke fitarwa in mun yi numfashi. Motoci da jiragen sama da manyan injuna suna zuba ta a sama dare da rana. Da ta yi yawa, sai ta riƙe zafin rana kamar bargo. Shi ya sa duniya ta ke ƙara zafi, damina kuma ta ke rikicewa.

To, yaya za a yi da ita? Masana suka ce a mai da ita abin amfani. Amma iskar nan taurin kai gare ta. Akwai wata iska, haidurojin, wadda a ke iya cirowa daga ruwa. Ko an gama su wuri ɗaya ba su shiryawa, sai da dillali.

Dillalin nan kuwa baƙin ƙarfe ne, irin wanda maƙeri ke ƙera fartanya da shi. A kan mai da shi gari, a zuba cikin bututu. A gasa shi har ma'aunin zafi ya kai 300. Ruwa fa a 100 ya ke tafasa. Sa'an nan a tura iskokin nan biyu su bi ta kansa. Su kan manne a jikinsa, su sāke hali, su fito sun zama mai da ruwa. Shi kuwa ƙarfen yana nan, yana jiran na baya. Ko la'ada ba ya karɓa!

A shekarar 2020 masanan Jami'ar Oksfod ta Ingila suka yi man jirgin sama ta haka. Sun gauraya ƙarfen da manganis da kuma fotasiyam, wanda a ke samu cikin toka. Man da suka samu kaɗan ne. Wahalar tana wurin haidurojin, gama ciro shi daga ruwa yana cin lantarki da yawa. In kuwa mai aka ƙona aka sami lantarkin, an yi aikin banza.

Ƙarfe ya daɗe yana wannan dillanci. Tun 1913 a Jamus a ke amfani da shi wajen yin amoniya. In an haɗa amoniya da kabon dayoksaid, sai a sami yuriya, farin takin nan da ka ke zuba wa masara.