Kawa ba ta sa tsargiya, ruwan da take ciki ne abin tsoro

Daga Malali zuwa Unguwar Rimi har Kabala Doki, idan rani ya yi, Kogin Kaduna ya ja baya, yara kan tsinci ɓawon kawa a cikin yashi, wanda wasu ke kira makankari. Iyaye kuwa sai su tsawata, wai ita ke sa yaro fitsarin jini, wato tsargiya. Tsawatarwar tana kan hanya, dalilin ne ya kauce.

Kuɗin goro aka yi wa halittu biyu da ba su yi kama ba. Dodon koɗi ɓawonsa ɗaya ne murɗaɗɗe, yana da kai, da harshe mai kaushi da yake kankarar gansakuka. Kawa ɓawonta biyu, suna buɗewa su rufe kamar ƙyaure, ba ta da kai sam, sai tsokar ƙafa guda da take tona laka da ita. Wannan tsari ba na jiya ba ne. Har yau akwai wata 'yar ƙaramar kawa a lakar teku da masana ke kira Nucula, tsawonta wajen santimita 1, kuma an samu ɓawon danginta a duwatsun da suka haura shekara miliyan 450. Ita dai, da wasu 'yan zaruruwa na gefen baki take tsintar abinci cikin laka, sassan numfashinta kuwa kusan numfashi kaɗai suke yi. A wajen 'yan uwanta na baya, har da na kogunanmu, waɗannan sassa sun faɗaɗa sun zama matata: ruwa ya shiga, abinci ya maƙale, ruwa ya fita.

Tsutsar tsargiya ba ta da masauki a jikin kawa. Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851, sannan a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa cikin ƙananan dodannin koɗi take girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga dodon koɗin da ake kira Bulinus, ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar wanda ya tsoma ƙafa.

Wani zai ce, to me ya sa yaran da ke tsintar kawa su ne ke kamuwa? Saboda su ne ke shiga ruwa mara gudu, inda ciyayi suka yi yawa, can ne kuwa gidan Bulinus. Da yaron zai shiga wanka bai taɓa kawa ko ɗaya ba, da haka zai kamu. Gaskiya ne kawa ma tana ɗaukar wasu tsutsotsi nata, amma akasarinsu kifi suke nema.

Inda jita-jitar ta dace da gaskiya shi ne wajen ci. Abin da ke tace ruwa yana tara abin da ke cikin ruwan, kuma kowa ya san kwatocin unguwanni da ruwan masana'antun Kakuri a kogin nan suke ƙarewa. Dafuwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gubar dalma.

Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a gwada. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar.