Gyaran inji don gudu: abin da matasan Jega, Aliero da Maiyama ya kamata su sani

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta yankin Aliero, ta ratsa Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ba ta rabuwa da ƙugin injuna. Ga motocin albasa, ga Golf da Sharan maƙare da fasinja, ga babura kamar ƙasa. A cikin wannan hada-hada akwai matasan da abin hawa ya wuce musu neman abinci, ya zama abin ƙauna. Su ne za ka ji suna ce wa bakanike: "Oga, a buɗe mata wuta, so nake ta riƙa tashi." Su ne kuma ke wasan mota da babur ranar biki. Wannan sha'awa ba laifi ba ce, daga irinta ake samun injiniyoyi. Matsalar ita ce yawancin gyaran da ake yi da sunan ƙarin gudu ƙara kawai yake haifarwa, ya rage wa inji kwana, wani lokaci har ya rage na mai shi.

A Amurka ne wannan harka ta zama ilimi. Can akwai tseren da motoci biyu ke jerawa a miƙaƙƙen fili mai tsawon mita 402, a ga wadda za ta riga kaiwa. Da farko a kan titunan gari samari ke yinsa, ana ta asarar rayuka, har a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe tseren daga titi a kai shi killataccen fili mai dokoki. A shekarun 1960 kamfanoni suka shiga ƙera motoci masu ƙaton inji mai silinda takwas, irin su Pontiac GTO ta 1964 da Dodge Charger, waɗanda har yau ake sake wa injinsu fasali don wannan tsere.

Me masu tseren ke gyarawa? Inji kamar ɗan dambe yake, ƙarfinsa a numfashinsa yake. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska wajen kilo 14.7. Don haka zuba ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba hayaƙi ne kawai da baƙin fulogi. Masu tsere suna faɗaɗa hanyoyin shigar iska, su sauya sandar da ke buɗe bawul don ya daɗe a buɗe, ko su ɗaura tobo mai tura iska da ƙarfi. Sannan su ƙara matsin da fistan ke yi wa cakuɗen iska da mai kafin fulogi ya kunna shi. Amma kowane mataki da farashinsa. Idan matsi ya yi yawa ga irin fetur ɗin da ake sha, cakuɗen zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ana jin ƙyas-ƙyas a cikin inji, har fistan ya narke ko ya tsage. Shi ya sa duk wanda ya ƙara ƙarfi a can sai ya sauya fistan da sandunansa, ya girka babban lagireto, ya ƙarfafa giya da birki.

Yanzu mu dubi abin da ake yi a garejinmu. Na farko fasa salansa. A wani lungu za ka tarar da yaro ya kwantar da Boxer, an kawo mai walda ya farke cikin salansar ya zare abin da ke danne ƙara. Da an tayar, unguwa ta ɗauka, shi kuma ya ji kamar babur ya ƙara gudu. Gaskiyar ita ce an auna tsawo da faɗin bututun ne don fitar hayaƙi ta taimaka wajen jawo sabuwar iska. Idan aka ɓata wannan awo ba a sake saita kafireto ba, sau da yawa ƙarfin tashi raguwa yake yi, bawul kuma ya riƙa cin zafi.

Na biyu cire matatar iska. A filin tsere mai shara da wanki ana iya yin haka na ɗan lokaci. A ƙasar Kabi kuwa, inda hunturu ke zuwa da ƙura, hanyoyin ƙauye kuma duk rairayi ne, wannan ƙurar da baƙin mai haɗuwa suke su goge ringi da bangon silinda. Kafin a jima inji ya fara shan mai yana hayaƙi.

Na uku bori. Mutane da yawa na ɗauka idan aka rarake silinda aka sa fistan mafi girma, an sami sabon ƙarfi. A fistan mai faɗin milimita 50, ƙarin rabin milimita ba ya ƙara girman inji sai da kusan kashi 2 cikin 100. Bori magani ne na silindar da ta cinye, yana dawo da matsin da ya zube, kuma nan amfaninsa ya tsaya.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabar inji a wannan yanki. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur a zafi yake ƙarewa, ta salansa da lagireto. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar ma ta fi sakwasakwa: a digiri 42 abin da inji ke shaƙa ya ragu da wajen kashi 7 cikin 100 bisa na digiri 20. Injin da aka matsa wa, ga ruwan rijiya ya toshe masa lagireto da tsatsa, ga man bumburutu da ba a san asalinsa ba, ƙarshensa ya ƙone gasket ko ya buga. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ta ƙara nauyi a aljihu. Tsabtatacciyar matata, fulogi mai kyau, saitin bawul, baƙin mai a kan lokaci da iskar taya daidai, su ne ke dawo da ƙarfin da yawancin injunanmu suka rasa.

Akwai lissafin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa take sau huɗu. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta taɓa birki. A hanyar da shanu ke tsallakawa, yara na talla, amalanke na fitowa daga gona, wannan tazara rai ce. Maɗoran Aliero sun yi suna a faɗin ƙasar nan wajen gyaran karaya, amma karayar wuya da bugun kai sun fi ƙarfin ɗori. Ko a Amurka, da duk shingayensu da motocin kashe gobara, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 sai da aka rage wa motoci mafiya gudu tsawon tsere zuwa wajen mita 305.

Hani kaɗai ba ya kashe wannan sha'awa, sai dai ya kai ta cikin dare. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, Jega kuma na da kanikawan da ke gane ciwon inji da kunne. Idan ƙungiyoyin kanikawa da malaman jami'a da Hukumar Kiyaye Haɗurra da sarakunan yankin suka haɗa kai, ana iya shirya horo kan awon matsi da saitin mai, a kuma ware fili nesa da gari inda ba mai shiga sai da hular kwano da birkin da aka duba. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku su zauna kan wannan magana tun kafin lokacin bukukuwa na gaba, iyaye kuma su daina ba da makullin abin hawa don a yi wasa da shi a ƙofar gidan biki.